Hali Zanen Dutse Ne? Yadda Ake Auna Tsohon Mai Laifi Kafin A Ba Shi Lasisin Aikin Jinya

Gabatarwa

A duk cikin ma'aikatan asibiti babu wanda ya kai ma'aikacin jinya daɗewa tare da majiyyaci. Likita yakan zo zagaye da safe, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce. Amma nas ita ce take kwana a ɗakin marasa lafiya. Makullin kabad ɗin magunguna masu sa maye yana hannunta, ita take yin allura, ita take sa ƙarin ruwa, ita take juya tsohon da ba ya iya motsi, ita ce kuma take ganin inda ya ƙulle 'yan kuɗinsa. Wanda yake cikin dogon suma, da jariri, da tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama, ba su da ikon kare kansu, ba su ma da bakin kai ƙara. Wannan ne ya sa kusan kowace ƙasa take ɗaukar aikin jinya a matsayin amana, ba ta kuma yarda kowa ya yi shi sai da lasisi.

To, idan mutum ya taɓa aikata laifi, kotu ta hukunta shi, ya gama hukuncinsa, daga baya ya yi karatun jinya ya ci jarrabawa, sannan ya zo neman lasisi, yaya za a yi da shi? In an ba shi, wasu za su ce an ba kura ajiyar nama. In an hana shi, wasu za su ce an yi masa hukunci biyu a kan laifi ɗaya, an kuma toshe masa hanyar cin halal. A ƙasar Amurka, inda wannan matsala take tasowa kusan kullum, hukumomin ba da lasisi sukan tura wasu daga cikin irin waɗannan mutane wurin masanin halayyar ɗan'adam domin ya auna su. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake yin awon, da abin da bincike ya nuna yana iya ganowa, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Yadda tsarin yake a Amurka

Ba gwamnatin tarayya ce take ba da lasisin jinya a Amurka ba. Kowace jiha tana da hukumarta da dokokinta, ko da yake tun 1978 hukumomin suka kafa majalisar haɗin gwiwa wadda take shirya jarrabawa guda ga kowa. A mafi yawan jihohi akan ɗauki zanen yatsun mai neman lasisi a aika wa 'yan sandan jiha da hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, wato FBI. Daga watan Janairu na 2018, duk mai neman irin lasisin nan da ke ba da damar yin aiki a jihohi da yawa dole ne a binciki zanen yatsunsa, kuma wanda aka taɓa samu da babban laifi ba ya samun irin wannan lasisi. Abin da ya ƙara wa matsalar girma shi ne yawan mutanen da ta shafa, domin an ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku na ƙasar yana da suna a kundin 'yan sanda ko na kotu. Wasu kama su kawai aka yi aka sake, wasu tuƙi cikin maye ne, wasu satar kanti ce ta ƙuruciya, wasu kuwa manyan laifuka ne.

Bari mu ɗauki jihar Teksas a matsayin misali. Dokar jihar ta ba ɗalibi damar ya rubuta wa hukumar jinya tun kafin ya kashe kuɗinsa da shekarunsa a makaranta, ya bayyana laifin da ya taɓa yi, ya nemi a yanke masa hukunci ko zai cancanci lasisi in ya gama. Akwai jerin manyan laifuka, kamar kisan kai da satar mutane da fyaɗe, waɗanda dokar ta ce mai su ba shi da damar samun lasisi sai bayan shekara 5 da kammala hukuncinsa gaba ɗaya. Sauran laifuka kuwa akan duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma hukumar tana da ikon neman a yi wa mutum awon lafiyar jiki ko na hali, shi ne kuma zai biya kuɗin awon daga aljihunsa.

Matakan awon

Ya kamata mai karatu ya lura cewa masanin da ke wannan aiki ba likitan mai neman lasisin ba ne. Ba magani zai yi masa ba, kuma abin da aka faɗa masa ba sirri ba ne, domin rahoto zai rubuta wa hukuma. Aikin yakan bi matakai huɗu.

Na farko, karanta takardu: rahoton 'yan sanda, hukuncin kotu, bayanin jami'in da ya kula da shi lokacin ɗaurin talala, takardun asibiti, da shaidar wuraren da ya yi aiki. Na biyu, doguwar hira wadda takan ɗauki sa'o'i, inda za a bi tarihin mutum tun daga ƙuruciya, a kuma ce ya ba da labarin laifin da bakinsa. Abin da masanin yake saurare a nan shi ne ko labarin ya yi daidai da takardu, da kuma ko mutumin ya ɗauki alhakin abin da ya yi, ko kuwa yana ɗora wa wasu. Na uku, rubutattun gwaje-gwaje. Na huɗu, tuntuɓar waɗanda suka san shi, kamar malamai da shugabannin wurin aiki. Idan laifin ya shafi giya ko ƙwaya, akan ƙara da gwajin fitsari ko na gashi. Fitsari yakan nuna abin da aka sha cikin 'yan kwanaki kaɗan, amma gashin kai, da yake yana tsawon kimanin santimita 1 a wata, yakan adana alamar ƙwaya a cikinsa, ta yadda guntun da ke kusa da fatar kai mai tsawon santimita 3 zuwa 4 zai ba da labarin kimanin wata uku.

Daga ƙarshe hukuma ce, ba masanin ba, take zaɓar ɗaya daga cikin uku: ta ba da cikakken lasisi, ko ta ba da lasisi mai sharuɗɗa, ko ta hana. Sharuɗɗan sukan haɗa da yin aiki a ƙarƙashin idon wata babbar nas, da hana aikin dare ko jinya a gidajen mutane, da hana riƙe makullin magunguna masu sa maye har wani lokaci.

Rubutattun gwaje-gwaje

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda ake kira MMPI, wanda Starke Hathaway da J. C. McKinley na Jami'ar Minesota suka fitar a 1943. Jerin jimloli ne da mutum zai amsa da "gaskiya" ko "ba gaskiya ba" game da kansa. An sabunta shi a 1989 da jimloli 567, sannan a 2020 aka fito da sabon zubi mai jimloli 335. Hikimar da aka bi wajen ƙirƙirarsa ita ce, ba a damu da ma'anar jimla ba. An ba marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da masu lafiya tambayoyi iri ɗaya, duk jimlar da aka ga amsar ɓangarorin biyu ta bambanta a kanta sai a riƙe ta. Saboda haka ba amsa ɗaya ake dubawa ba, yanayin amsoshin gaba ɗaya ake kwatantawa da na dubban mutanen da aka gwada a baya.

Mai neman lasisi, kamar mai neman aure, ƙoƙarinsa shi ne ya nuna kyakkyawar fuska. Masu gwajin sun san da haka, don haka suka cusa wasu jimloli na tarko, waɗanda suke magana a kan ƙananan kurakuran da kusan kowa yake yi, kamar jin haushi wani lokaci ko ɗage aikin yau zuwa gobe. Ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Wanda ya musanta dukkan irin waɗannan, sai ma'aunin ya nuna yana wanke kansa fiye da kima. Sai dai wannan ba ya nufin mugu ne. Abin da yake nufi kawai shi ne sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, kuma mutum mai gaskiya da tsoro ya kama yana iya faɗawa cikin wannan tarko.

Akwai kuma ma'aunin da Robert Hare na ƙasar Kanada ya wallafa a 1991 domin gano mutanen da ba su da tausayi ko nadama, masu daɗin baki da yaudara. Yana da abubuwa 20, kowanne akan ba shi maki 0 ko 1 ko 2, jimla 40, kuma a Amurka maki 30 ne iyakar da aka saba amfani da ita. An gina shi ne a kan fursunoni, don haka ba kowane mai ƙaramin laifi ya dace a auna da shi ba.

Na'urar da ake ce tana gano ƙarya

A wasu lokuta hukuma takan nemi a haɗa da gwajin na'urar gano ƙarya, wadda John Larson ya ƙera a Kalifoniya a 1921. A nan ilimin halittu yana da abin faɗa. Idan mutum ya tsorata, wasu jijiyoyi da ke aiki ba da umarninsa ba sukan motsa, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, numfashi ya sauya, tafin hannu ya jiƙe da zufa, zufar kuma ta sa fata ta fi saurin wuce da wutar lantarki. Waɗannan abubuwa huɗu su ne na'urar take rubutawa. Ke nan abin da take aunawa tashin hankali ne, kuma jiki ba shi da wata alama ta musamman da yake bayarwa don ƙarya kaɗai. Mai gaskiyar da rayuwarsa ta rataya a kan amsa ɗaya zai iya jiƙewa da zufa, ƙwararren maƙaryaci kuwa ya zauna lafiya lau. A 2003 majalisar bincike ta Cibiyar Kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto cewa na'urar ta fi cankar da ka idan ana binciken wani takamaiman abin da ya faru, amma tana nesa da kamala, kuma ta fi rauni idan ana tantance mutane masu yawa da ita. Tun a 1988 ma wata dokar tarayya ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada masu neman aiki da ita.

Tarihin ƙoƙarin gane mugu tun kafin ya aikata

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya ɗauki irin wannan tunani ya mayar da shi kimiyya a 1876, inda ya yi da'awar cewa ana haihuwar mutum da halin laifi, kuma ana gane shi ta siffar muƙamuƙi da kunne da ƙoƙon kai. A 1913 likitan gidan yari na Ingila, Charles Goring, ya wallafa awon da aka yi wa fursunoni kimanin 3,000 aka kwatanta su da waɗanda ba fursunoni ba, bai kuma sami wata siffa ta masu laifi ba. Maganar fuska ta faɗi, sai aka koma dogaro da hasashen ƙwararrun likitoci.

Shi ma wannan hasashe an gwada shi, ba da niyya ba. A 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar wani mai suna Baxstrom, wanda ya tilasta wa jihar Niyu Yok ta fitar da mutum 967 daga asibitocin ƙwaƙwalwa masu tsananin tsaro, ta mayar da su asibitoci na gama-gari. Dukkansu an tsare su ne bisa cewa suna da haɗari. Masu bincike biyu, Henry Steadman da Joseph Cocozza, suka bi sawunsu har shekara huɗu, suka tarar kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai ya kai wa wani hari, waɗanda aka mayar wurin tsaro kuwa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. A 1981 John Monahan ya tattara binciken da aka yi zuwa lokacin, ya ce a cikin kowane hasashe uku da ƙwararru suka yi cewa mutum zai yi ta'adi, bai fi ɗaya yake tabbata ba.

Tun kafin wannan, a 1954, Paul Meehl ya nuna cewa lissafi mai sauƙi da aka gina a kan abubuwan da ake iya ƙirgawa, kamar shekaru da yawan laifukan baya, yakan yi daidai da hasashen ƙwararre ko ma ya fi shi. Daga nan ne aka samo ma'aunan haɗari na zamani, masu tilasta wa masani ya bi jerin abubuwa tsararru maimakon abin da ransa ya ba shi. A 2012 Seena Fazel na Jami'ar Okusfod da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon mutum fiye da 24,000 daga ƙasashe 13. Cikin waɗanda ma'aunan suka ce suna da matsakaici ko babban haɗari, kashi 41 cikin 100 ne suka yi ta'adi daga baya. Cikin waɗanda aka ce haɗarinsu kaɗan ne kuwa, kashi 91 cikin 100 ba su yi ba. Wato ma'aunan sun fi iya nuna wanda ba abin tsoro ba ne, a kan nuna wanda zai aikata.

Dalilin da ya sa kuskure ba ya ƙarewa

Wannan rauni ba daga sakacin masana kaɗai yake ba; lissafi ne ya gadar da shi, kamar yadda Meehl da Albert Rosen suka bayyana a 1955. Mu ƙaddara, don misali kawai, akwai masu neman lasisi 1,000 da suka taɓa yin laifi, kuma 50 daga cikinsu ne za su cuci majiyyaci in an ba su. Mu kuma ƙaddara muna da gwajin da yake yin daidai sau 80 cikin 100, wanda gwaji ne mai kyau ƙwarai a wannan fage. Cikin miyagun nan 50, zai kama 40, goma su zille. Cikin mutanen kirki 950 kuwa, zai yi kuskure a kan kashi 20 cikin 100, wato mutum 190. Ke nan gwajin zai nuna mutum 230 da yatsa, alhali 40 ne kawai suka cancanci haka, kimanin ɗaya cikin shida. An hana mutum 190 sana'a ba da haƙƙinsu ba, kuma duk da haka miyagu goma sun shiga ɗakin majiyyata.

In aka tsaurara gwajin don a kama goman nan, adadin waɗanda aka zalunta zai ƙaru. In aka sassauta don a rage zalunci, miyagun da za su zille su ƙaru. Kimiyya tana iya ƙirga kowane ɓangare, amma yanke shawarar wane kuskure ne ya fi sauƙin ɗauka aiki ne na al'umma da masu yi mata doka.

Shekaru, ƙwaƙwalwa da sauyin hali

In gwaji yana da wannan rauni, me ya fi shi ƙarfi? Amsar da bincike ya fi goyon baya ita ce lokaci. Tun a 1831 masanin ƙididdiga na Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya lura cewa aikata laifi yana hawa da ƙuruciya, ya kai ƙololuwa a lokacin samartaka, sannan ya yi ta sauka. An sake ganin wannan a ƙasashe da zamunna daban-daban. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka fara ɗauka na yara masu tasowa daga shekarun 1990 sun ba da wani ɓangare na dalili. Sashen ƙwaƙwalwa mai neman daɗi da lada yana balaga da wuri, amma sashen gaba, wanda ke bayan goshi, mai aikin tsara abu da hangen ƙarshensa da danne zuciya, yana ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25. A wannan tsakani ne ake zubar da mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su, ana kuma lulluɓe waɗanda suka rage da wani kitse mai suna mayelin, kamar yadda ake rufe wayar lantarki da roba, domin saƙo ya yi sauri. Matashi ɗan shekara 18, in an kwatanta, mota ce mai ƙarfin inji wadda ba a gama ɗaure mata birki ba. Sai dai wannan bayani ne a kan jama'a a dunƙule; hoton ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba ya nuna ko zai yi sata gobe.

A 1993 Terrie Moffitt, wadda take cikin masu bin rayuwar yara 1,037 da aka haifa a birnin Dunidin na Niyu Zilan a 1972 da 1973, ta raba masu laifi gida biyu. Mafi yawansu ƙuruciya ce ta ɗebe su, sukan kuma daina da sun girma. 'Yan tsiraru ne halinsu ya fara tun suna ƙanana ya kuma bi su har girma. Babban aikin mai awo shi ne ya gane gidan da mutumin da ke gabansa ya fito.

Alƙaluma sun nuna cewa haɗarin yana da yawa da farko. Ofishin ƙididdigar shari'a na Amurka ya bi fursunonin da jihohi 30 suka saka a 2005, ya tarar an sake kama kashi 44 cikin 100 a shekarar farko, kashi 68 cikin shekara uku, kashi 83 cikin shekara tara. Amma wanda ya tsallake shekarun farko bai koma ba, labarinsa daban ne. A 2009 Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura suka binciki kundin mutum kimanin 88,000 da aka fara kamawa a jihar Niyu Yok a 1980. Suka gano cewa ga wanda aka kama yana ɗan shekara 18, in ya zauna lafiya, haɗarin a sake kama shi yakan sauko daidai da na sauran tsaransa bayan shekara 3.8 in fasa gida ya yi, shekara 4.3 in jikkata wani ya yi, shekara 7.7 in fashi ne. Ashe ga mutane da yawa hali ba zanen dutse ba ne. Yau da gobe tana goge shi.

Abin da aka gani ga ma'aikatan jinya

Wannan ba ya nufin tsohon laifi ba shi da nauyi. Wani bincike da majalisar hukumomin jinya ta Amurka ta wallafa a 2009 ya bi ma'aikatan jinya 207 na jihohi shida da aka yi wa horon zama ƙarƙashin sa ido a 2001. Kashi 39 cikin 100 sun sake yin laifin aiki, kuma abubuwa uku ne suka fi nuna wanda zai koma: taɓa samun hukuncin kotu, aikata laifin aiki fiye da ɗaya a baya, da sauya wurin aiki a lokacin sa idon. Haka kuma dangantakar laifin da aikin tana da muhimmanci. Wanda ya taɓa damfarar tsoho, ko ya ci zarafin yaro, ko ya saci ƙwaya, zai tarar da irin wannan dama kullum a asibiti. Shaye-shaye musamman ciwo ne mai dawowa, shi ya sa jihohi da yawa, tun daga Fulorida a 1983, suka kafa shirye-shiryen da ke barin nas ta ci gaba da aiki tana karɓar magani, ana yi mata gwajin fitsari ba tare da sanarwa ba har tsawon shekaru.

Wani abin lura kuma shi ne, manyan masifun da suka faru a asibitoci ba ta ƙofar da ake gadi suka shigo ba. Beverley Allitt, wadda ta kashe yara huɗu a wani asibiti a garin Girantam na Ingila a 1991, aka kuma yanke mata ɗaurin rai da rai sau 13 a 1993, ba ta da tarihin laifi a kotu. Charles Cullen, wanda aka kama a Disamba 2003, ya kuma amsa kashe majiyyata 29 a jihohin Niyu Jasi da Fensilbaniya, ya riga ya sami lasisinsa kafin a same shi da laifin shiga gidan wata abokiyar aikinsa a 1993. Ya yi shekara 16 yana yawo tsakanin asibitoci tara da gidan kula da tsofaffi ɗaya; inda aka yi zarginsa sai a sallame shi shiru, wurin da ya koma kuma ba a gaya musu komai ba. Maganin da jihar Niyu Jasi ta yi a 2005 shi ne dokar da ta wajabta wa asibitoci kai rahoton ma'aikacin da halinsa ke barazana ga majiyyata, da faɗin gaskiya ga duk asibitin da ya tambaya.

Batun bambancin al'ada

Wannan magana ta shafe mu, domin ma'aikatan jinyarmu da yawa suna fita aiki waje. A 2022 da 2023 Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi tura sababbin ma'aikatan jinya Birtaniya, tare da Indiya da Filifin. A can, dokar 1974 ta yarda a ɗauki wasu laifuka kamar sun shuɗe bayan wasu shekaru, amma aikin jinya yana cikin ayyukan da aka keɓe daga wannan sassauci, kuma mai zuwa daga waje sai ya kawo takardar shaidar 'yan sandan ƙasarsa. Duk wanda ya ɓoye laifi aka gano daga baya, ɓoyewar takan fi laifin jawo masa hana lasisi, domin hukumomi suna ɗaukarta a matsayin shaidar halinsa na yau.

In kuma an kai ga rubutaccen gwaji, ya kamata a tuna da waɗanda aka gina shi a kansu. Ma'aunin MMPI na farko an kafa shi ne a kan mutum 724, yawancinsu fararen fata mazauna karkarar Minesota, na 1989 kuma a kan Amurkawa 2,600. A cikinsa akwai jimlolin da suka shafi iskoki da ganin abin da wasu ba sa gani. Amsar da za ta zama alamar ruɗewa ga manomin Minesota tana iya zama maganar yau da kullum ga mutumin Kano ko Damagaram. Masanin da bai yi la'akari da wannan ba zai iya rubuta ciwo inda babu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa awon hali ba madubi ba ne da ke nuna abin da ke cikin zuciya. Amfaninsa shi ne ya gano ciwon da ake iya magancewa, kamar shaye-shaye, ya tattara shaidu wuri ɗaya cikin tsari, ya kuma taimaka wajen wanke masu ƙaramin haɗari, waɗanda su ne suka fi yawa. Abubuwan da suka fi nauyi a ma'auni su ne shekarun mutum lokacin da ya yi laifin, yawan laifukan, dangantakarsu da aikin jinya, tsawon lokacin da ya yi bai koma ba, da gaskiyar da ya faɗa da aka tambaye shi. Tun da kuwa kowane gwaji yana barin wasu miyagu su wuce, tsaron majiyyaci ba zai tsaya a ranar ba da lasisi ba. Ƙirga magungunan kabad a kowane canjin aiki, bin diddigin mace-macen da ba a saba gani ba, sauraren ƙorafin abokan aiki, da faɗa wa asibiti na gaba gaskiya, su ne matakan da suke kare marar lafiya daga mai tsohon laifi da kuma wanda bai taɓa shiga kotu ba.